LABARIN TALAKAWAN DA SUKA RUNGUME ITATUWA A ƘASAR HINDU

 Da aka yi shawarar buga wannan ɗan littafi domin tunawa da ma'aikatan En'e, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda Allah ya bari da rai, sai aka ga ya kamata a ba ma'aikatan Daji nasu fili. Gama cikin dukan ma'aikatun En'e, da Baitulmali, da Asibiti, da Makaranta, da Gona, babu wadda ta sha tsinuwar talakawa kamar ta Daji. Malamin daji shi ne mai hana saran itace, shi ne mai kama mai gawayi, shi ne mai korar makiyayi daga gandu. Duk wanda ya yi aikin nan ya san yadda a ke gaishe shi da baki, a harare shi da ido. Saboda haka muka zaɓi mu kawo labarin wata ƙasa inda al'amarin ya juya, hukuma ta aiko da gatari, talakawa kuwa suka tsaya gadin daji.

Labarin daga ƙasar Hindu ya ke, watau Indiya. Kada mai karatu ya ce mun tafi nesa, domin dokar dajin da iyayenmu suka yi aiki da ita a can aka haife ta. Cikin shekara ta 1864 Turawan Ingila suka kafa ma'aikatar daji a Indiya, suka naɗa wani Bajamushe mai suna Dietrich Brandis ya shugabance ta. Suka yi dokar daji cikin 1865, suka sake wata mai tsanani cikin 1878, wadda ta ba Gwamnati iko ta shata daji, ta kafa masa iyaka, ta ce daga yau ya zama nata. Cikin 1903 aka ɗauko wani Bature, H. N. Thompson, daga aikin daji na Burma, wadda a lokacin nan ƙarƙashin mulkin Indiya ta ke, aka kawo shi Nijeriya ya zama babban jami'in daji. Cikin 1916 aka yi Dokar Daji ta Nijeriya, daga nan En'e-En'e suka shiga shata gandayen daji, kamar na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari cikin 1936, da na Kogin Kano, wanda a ke kira Falgore. Ashe kuwa uwa ɗaya ta haifi dokar tasu da tamu.

MUTANEN KHEJARLI

In mutanen Indiya za su ba da labarin rungumar itatuwa, su kan fara da wani tsohon al'amari da ya faru tun kafin Turawa su mallaki ƙasar. A yammacin Indiya akwai ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa, sunanta Marwar, babban birninta Jodhpur. A nan akwai wata jama'a da a ke kira Bishnoi, mabiya wani shehinsu mai suna Jambheshwar, wanda ya kafa musu hanya cikin 1485, ya ba su sharuɗɗa 29. Cikin sharuɗɗan nan har da cewa kada su kashe dabba, kada kuma su sare ɗanyen itace. Itacen da suka fi girmamawa shi ne wani da su ke kira khejri, wanda masana suka daɗe suna lissafawa cikin dangin ƙiryarmu. Saiwarsa ta kan nitse ƙasa ƙwarai, ba ya jin fari, dabbobi na cin ganyensa, mutane na dafa 'ya'yansa, a shekarar yunwa har ɓawonsa a kan niƙa a gauraya da gari.

Cikin 1730 Sarkin Jodhpur, Abhay Singh, ya so ya gina sabuwar fada. Ginin kuwa yana bukatar farar ƙasa, ƙona ta kuma sai da itace mai yawa. Sai ya aiki fadawansa da masu gatari zuwa wani ƙauye, Khejarli, kimanin mil 16 daga birni, inda khejri ya yi duhu saboda ba mai taɓa shi. Bisa ga abin da Bishnoi suka ajiye na tarihinsu, wata mace mai suna Amrita Devi ta fito ta hana su, suka ƙi ji. Sai ta rungume itace, aka sare ta tare da shi. 'Ya'yanta mata uku suka yi yadda uwarsu ta yi, aka kashe su. Labari ya bazu cikin ƙauyukan Bishnoi, mutane suka yi ta zuwa, tsofaffi da matasa, kowa ya kama itace ya rungume, har aka kashe mutum 363. Da labari ya kai kunnen Sarki sai ya tsai da aikin, ya yi doka kada a ƙara saran itace ko farauta a ƙasar Bishnoi. Cikin 2013 Gwamnatin Indiya ta sa ran 11 ga watan Satumba ta zama ranar tunawa da dukan waɗanda suka rasa rayukansu wajen tsaron daji, saboda mutanen Khejarli.

DAJIN DUWATSU DA DOKAR TURAWA

To, yanzu mu bar ƙasar rairayi, mu nufi arewa, mu hau duwatsun Himalaya, inda babban labarinmu ya ke. A gindin manyan duwatsun nan masu ƙanƙara akwai ƙasashe biyu, Garhwal da Kumaon, daga nan ne kogin Ganga ya ke tasowa. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Gonakinsu ƙanana ne, an sassaƙa su a jikin tudu kamar matakala, ba su isa ci da gida shekara, saboda haka maza da yawa su kan tafi ci-rani ko aikin soja, su bar mata da noma da kiwo. Dukan zaman macen ƙasar nan a kan daji ya rataya. Can za ta samo itacen girki, da ganyen da shanu za su ci, da busasshen ganye na shimfiɗa a garke wanda zai zama taki, da saiwoyin magani, da ruwan sha daga idon ruwa.

Sarkin itatuwan dajin nan a wurin talakawa shi ne wani da su ke kira banj. Shekaru aru-aru ya ke yi yana girma, ganyensa abincin dabbobi ne, wanda ya kaɗe kuwa ya kan ruɓe ya zama ƙasa mai taushi, ta riƙe ruwan sama kamar soso, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani. Amma a wurin Gwamnati banj ba shi da daraja, domin ba ya katako mai kyau. Abin da ta ke so itatuwa biyu ne. Ɗaya deodar, dogo miƙaƙƙe, wanda gara ba ta ci, da shi aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa na arewacin Indiya. Ɗaya kuma chir, wanda a ke tsaga jikinsa a tatsi ƙaro a kai masana'anta. Shi chir ba a kiwo da ganyensa, ƙarƙashinsa ciyawa ba ta yabanya, in ganyen ya bushe kuwa ƙyastu ɗaya ya isa ya ta da gobara. Ma'aikatar daji ta fi kula da yaɗuwar chir, ta bar banj yana ƙarewa. Tun daga nan lissafin hukuma da na talakawa suka rabu.

Tsakanin 1911 da 1917 aka shata manyan gandayen daji a Kumaon, aka ƙayyade wa mutane kiwo da saran reshe a wuraren da kakanninsu ke shiga ba shamaki. Mutane suka yi kuka, ba a ji ba. Cikin 1921 sai suka cinna wa gandayen chir wuta, aka yi hasara mai yawa. Mai karatu ya lura, mutanen da ba su da abin dogara sai daji, su ne suka ƙone shi, domin sun ga ya daina zama nasu. Turawa suka kafa kwamitin jin koke-koke a wannan shekara, suka sassauta doka, cikin 1931 kuma aka yarda ƙauyuka su kafa majalisun daji na kansu, waɗanda a ke kira Van Panchayat, su zaɓi shugabanni, su ɗauki mai gadi, su ci tarar mai laifi. Har yanzu majalisun nan suna nan, sun fi 12,000.

A yammacin Garhwal akwai masarautar Tehri, wadda Turawa suka bar wa sarkinta yana mulki ƙarƙashin inuwarsu, kamar yadda aka yi da sarakunanmu. Shi ma kuɗin katako su ne ƙashin bayan baitulmalinsa, ya tsananta dokar daji. Talakawa suka taru a wani fili da a ke kira Tilari, bakin kogin Yamuna, domin su yi shawarar kai kuka. Ran 30 ga watan Mayu, 1930, sojan masarauta suka kewaye su suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama, waɗansu suka faɗa kogi. Mutanen ƙasar ba su manta da ranar nan ba.

AMBALIYAR ALAKNANDA DA DAJIN MANDAL

Indiya ta sami mulkin kai cikin 1947, amma dokar daji ba ta sake ba, sai hannun mai riƙe da ita ya sake. Yadda a ke yi shi ne, ma'aikatan daji su shiga su sa wa itatuwa alama, a yi gwanjonsu a birni, babban ɗan kwangila mai kuɗi ya saya, ya zo da leburorinsa daga wata ƙasa su sare. Mutanen wurin ko lada ba su samu. Cikin 1962 aka yi yaƙi tsakanin Indiya da Sin a kan iyakar duwatsun nan. Bayan yaƙin Gwamnati ta fasa duwatsu ta yi hanyoyin mota saboda soja, hanyoyin nan kuwa suka kai motocin katako cikin tsofaffin dazuzzukan da gatari bai taɓa shiga ba.

Cikin watan Yuli, 1970, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tuddai suka zaftare suka toshe rafuka, sa'an nan suka ɓalle gaba ɗaya. Kogin Alaknanda, ɗaya daga cikin iyayen Ganga, ya cika ya batse, ya share wani ƙauye mai suna Belakuchi, ya tafi da gadoji da motoci da mutane da dabbobi. Cikin waɗanda suka yi aikin taimako akwai wani mutumin Gopeshwar, Chandi Prasad Bhatt, mabiyin koyarwar Gandhi, wanda tun 1964 ya kafa wata ƙungiyar gama kai, Dasholi Gram Swarajya Sangh, domin samar wa mutanen ƙauye sana'a a gida. Da shi da abokansa suka bi ƙauyuka a ƙafa, suka ga cewa inda aka fi saran daji nan ƙasa ta fi zaftarewa. Ruwa ba ya tsami banza. Suka riƙe wannan a zuci.

Ƙungiyar nan tana da ɗan wurin sassaƙa inda a ke yin kayan noma. Akwai wani itace da su ke kira angu, marar nauyi mai ƙarfi, da shi a ke yin karkiyar shanu, domin ba ya goge musu wuya. A farkon 1973 suka roƙi ma'aikatar daji ta ba su 'yan itatuwan angu, aka hana su. Ba da jimawa ba sai suka ji an ba kamfanin Symonds na birnin Allahabad irin itatuwan nan a dajin Mandal, kusa da su, domin ya yi kayan wasan ƙwallo. Abin ya yi wa mutane ciwo ƙwarai. Aka yi taro a Gopeshwar, wani ya ce a kwanta gaban motoci, wani ya ce a ƙone itatuwan kowa ya rasa, kamar yadda aka yi a 1921. Sai Bhatt ya kawo shawara cewa su rungume itatuwan, in mai gatari zai sara sai ya fara ta bayansu. Kalmar manne wa abu a harshen Hindi ita ce chipko, daga nan yunƙurin ya sami suna.

Ran 24 ga watan Afrilu, 1973, mutanen kamfani suka iso Mandal, suka tarar da jama'a sun fito da ganguna sun tsaya tsakaninsu da daji. Ba a ma kai ga rungumar ba, masu gatari suka juya. Hukuma ta musanya wa kamfanin da wani daji a Phata, can gaba. Mutanen Phata suka sa tsaro dare da rana har watan Disamba, wa'adin kamfanin ya ƙare bai fitar da katako ba.

MATAN RENI

Abin da ya kai sunan Chipko duniya a wani ƙauye ya faru, Reni, can sama kusa da iyakar Tibet, inda rafin Rishiganga ke gangarowa. Mutanen Reni Bhotiya ne, da can fatake ne masu kai hatsi Tibet su komo da gishiri da ulu, amma yaƙin 1962 ya rufe hanyar, ba abin da ya rage musu sai tumaki da 'yan gonaki da daji. Cikin watan Janairu, 1974, aka yi gwanjon itatuwa wajen 2,500 na tsohon dajin da ke bisa ƙauyen, a kan gangaren da ya zaftare a 1970. Bhatt da mutanensa suka bi ƙauyukan suna gargaɗi, kowa ya yi shiri.

Da aka ga haka sai aka yi dabara. Akwai diyyar gonakin da soja suka karɓa tun bayan yaƙi, wadda mutane suka shekara da shekaru suna jira. Sai aka yi shela cewa maza su je garin Chamoli su karɓa ran 26 ga watan Maris. Shi kuwa Bhatt, manyan ma'aikatan daji suka tsare shi a Gopeshwar da sunan ziyara. Da maza suka watse, sai motar leburori ta zo ta sauke su nesa da gari, suka bi wata ɓarauniyar hanya suka nufi daji. Wata yarinya ƙarama ta hango su, ta sheƙa ta gaya wa shugabar matan ƙauyen, Gaura Devi.

Ita Gaura Devi gwauruwa ce, shekarunta kusan 50, mijinta ya rasu tun tana yarinya ya bar ta da ɗa ɗaya, ba ta taɓa shiga makaranta ba. Ta bi gida gida ta tara mata 27, waɗansu suka bar tukunya a kan wuta, waɗansu suka ajiye saƙa, suka hau tudu. Suka iske leburori suna dafa abinci, da ma'aikatan daji da mutanen ɗan kwangila, waɗansunsu a buge. Gaura Devi ta yi musu magana da lalama, ta ce dajin nan gidan iyayensu ne, daga nan su ke ci su ke sha, in aka sare shi tudu zai rufto a kan gidajensu. Aka zage su, aka yi musu barazana, wani ya nuna mata bindiga. Ta tsaya gabansa ta ce in zai sare itacen, ya fara harbe ta. Leburorin nan kuwa su ma talakawan duwatsu ne, sun san abin da ta ke faɗi gaskiya ne, jikinsu ya yi sanyi, suka tattara kayansu suka gangara. Matan suka bi bayansu, suka karya wata 'yar gada da ke kan hanyar shiga dajin, suka kwana a wurin cikin sanyi suna tsaro. Kashegari maza suka komo, mutanen ƙauyukan kewaye suka taru, aka yi kwana huɗu ana zaman jiran juna, ɗan kwangila ya haƙura ya tafi.

Babban Ministan lardin Uttar Pradesh, Hemwati Nandan Bahuguna, ya naɗa kwamitin masana su duba al'amarin. Bayan bincike suka ce matan Reni ke da gaskiya, gangaren nan ba ya jure sara. Aka hana saran kasuwa shekara 10 cikin ƙasar da ta fi murabba'in mil 400 a kwarin Alaknanda. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

DAGA ADVANI ZUWA DELHI

Daga nan abin ya yaɗu zuwa Kumaon da Tehri. A Tehri jagoran shi ne Sunderlal Bahuguna, wani almajirin hanyar Gandhi, mai yawon ƙafa ƙauye ƙauye. A kwarin Henwal wani tsohon malamin makaranta, Dhoom Singh Negi, ya riƙa bin itatuwan chir da aka tsattsage wajen tatsar ƙaro, yana cire ƙarafan, yana shafe raunin da laka. Cikin watan Disamba, 1977, matan ƙauyen Advani suka ɗaura wa itatuwan da aka sa wa alama zare, irin wanda mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta a hannu bisa al'adarsu, alamar amana. Shugabarsu Bachni Devi, mijinta ne mai gari, yana kuma da hannu cikin kwangilar, duk da haka ta fito. An ce da babban ma'aikacin daji ya zo lallashinsu, sai suka tarye shi da fitilu a kunne da rana tsaka, wai ko ya ga abin da ke gabansa. Shi yana lissafa amfanin daji da ƙaro da katako da kuɗi, su kuwa suna lissafa shi da ƙasa da ruwa da iska. Ran 1 ga watan Fabrairu, 1978, aka kawo 'yan sanda da bindigogi su raka masu gatari. Mutane suka rungume itatuwa, kowane itace da masu riƙe da shi, har yara. Da yamma ta yi 'yan sanda suka janye.

Cikin watan Janairu, 1979, Sunderlal Bahuguna ya shiga ƙin cin abinci a dajin Badyargarh, aka kama shi aka tsare, mutanen ƙauyuka suka ci gaba da tsaro har aka soke saran. Cikin 1980 Firayim Minista Indira Gandhi ta yarda da hana saran ɗanyen itace domin kasuwa, shekara 15, a duwatsun Uttar Pradesh, bisa tuddan da suka wuce ƙafa 3,300. A shekarar nan kuma aka yi dokar da ta hana larduna mai da gandun daji wani abu dabam sai da iznin Gwamnatin tsakiya. Tsakanin 1981 da 1983 Bahuguna ya taka daga Kashmir zuwa Kohima, wajen mil 3,000, yana wa'azin tsaron daji. Cikin 1983 mutanen Karnataka, can kudancin Indiya, suka ta da irin wannan yunƙuri, suka kira shi Appiko, watau runguma a harshensu. Aka ba Bhatt lambar girma ta Magsaysay cikin 1982, aka ba yunƙurin Chipko wata a ƙasar Suwidin cikin 1987.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Tarihi ba ya cika sai an faɗi ɗaci tare da zaƙi. Tun da fari shugabannin Chipko ra'ayinsu biyu ne. Bhatt yana ganin a kori manyan 'yan kwangila, a bar mutanen wurin su ci amfanin dajinsu da ƙa'ida, su kuma dasa, shi da ƙungiyarsa kuwa sun dasa itatuwa masu yawa a gangaren Alaknanda tare da matan ƙauyuka. Bahuguna yana ganin a tsai da saran kasuwa ɗungum. Da dokar hani ta zo, ta tsai da babban ɗan kwangila, amma ta haɗa da ƙananan ƙungiyoyin sassaƙa na talakawa, har samun katakon rufin ɗaki ya zama sai da takardu da jeka-ka-dawo.

Mutanen Reni kansu abin ya fi shafa. Cikin 1982 aka mai da ƙasar da ke kewaye da dutsen Nanda Devi gandun Gwamnati, aka hana kowa shiga, har su da maƙwabtansu na Lata, waɗanda nan ne makiyayar tumakinsu ta damina da wurin tonon magungunansu. Mutanen da suka tsare daji da jikinsu sai ga su ana kama su a bakinsa. Gaura Devi ta rasu cikin 1991 a ƙauyenta, cikin talaucin da ta saba. Cikin watan Yuli, 1998, mutanen Lata da Reni da waɗansu ƙauyuka suka taru suka kutsa cikin gandun da ƙarfi domin neman haƙƙinsu. Cikin 2000 aka yanke ƙasar duwatsun nan daga Uttar Pradesh ta zama lardi mai zaman kansa, wanda yanzu a ke kira Uttarakhand. Cikin 2006 Majalisar Indiya ta yi dokar da ta amince da haƙƙin mazauna daji, ta kuma faɗi a fili cewa an zalunce su tun zamanin Turawa. Ran 7 ga watan Fabrairu, 2021, wani ɓangaren dutse da ƙanƙara ya ɓalle ya faɗo cikin Rishiganga, ruwa ya share ma'aikatar lantarki da aka gina a gindin Reni da wata a gabanta, mutum wajen 200 suka mutu ko suka ɓace. Cikin watan Mayu na shekarar nan Sunderlal Bahuguna ya rasu yana da shekara 94.

ABIN LURA GARE MU

Jama'a, ga abin da muka gani cikin labarin nan. A 1921 talakawan duwatsu sun ƙone daji, a 1974 jikokinsu sun tsaya gaban bindiga saboda shi. Halin mutanen bai sake ba. A karo na fari sun ga an raba su da dajin, a na biyu sun ga in ya tafi su ma sun tafi. Itacen da ya shekara 300 yana girma, masu gatari biyu sun isa su kayar da shi kafin azahar, mai gadi ɗaya kuwa ba shi iya kewaye gandu ko da a kan keke. Wanda ke kwana a gindin dajin shi kaɗai zai ji saran gatari da dare.

Tsofaffin malaman daji na En'e sun san wannan tun ba su ji sunan Chipko ba. Sun san cewa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo da ke tsaye cikin gonaki ba takardar doka ta tsare su ba, mai gona ne da matan gidansa, saboda kalwa da man kaɗe da takin da su ke samu. Sun san gandun da dagaci da masu unguwa da ardo suka yarda da iyakarsa, aka bar wa mutane hanyar ruwa da burtali da busasshen itace, shi ne ya zauna lafiya. Wanda aka shata bisa taswira ba da shawarar kowa ba, kullum cikin gobara da shari'a ya ke. Addininmu ma ya riga ya yi mana gargaɗi, gama Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su sare itace mai 'ya'ya, ko a ƙasar abokan gaba.

En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, gandayen da ta bari sun koma hannun waɗansu hukumomi. Waɗansu an cinye su da noma da gawayi, waɗansu kuma, da ƙafar mutanen kirki ta ɗauke daga cikinsu, sun zama maɓoyar ɓarayi. Muna roƙon 'ya'yanmu da jikokinmu da ke riƙe da aikin daji yau, in za su shata iyaka ko su ba da iznin sara, su fara zama da mutanen da ke bakin dajin, maza da mata, su ji ta bakinsu, su kuma bar musu rabon da zai sa su ga dajin nasu ne.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan aiki cikin rana da ƙaya da ƙaramin albashi, ya gafarta musu kurakuransu, ya sa itatuwan da suka tsare su zama musu sadaka mai gudana. Allah ya ba sarakunanmu da shugabanninmu ikon riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalam.